Manajan Gayya

Ni Habila, da na koyar da yara daga Dayi har Danja kafin in ajiye alli, ba na ƙara gishiri a magana. Abin da ban gani da idona ba a cikin wannan labari na bi shaidu gida-gida na tambaya, wanda maganarsa ta saɓa da ta wani kuwa na sa ya maimaita. Gonar audugata aka lalata a daminar 1981, kuma wanda ya lalata ta ɗan ƙanwata Salome ne, Sulemanu, akawu a wani kamfanin gurzar auduga a Funtuwa.

Wata Lahadi bayan an taso daga majami'a ya shigo gidana yana fifita da wasu takardu uku.

"Kawu, ka fara kallona da kyau tun yanzu, don nan gaba sai ka nemi izini. Manajan ma'aikata na kamfaninmu zai yi ritaya. An ce kujerar ta mai satifiket ce. Ga takardun makarantu uku masu ba da shi, taya ni zaɓe."

Na sa tabarau na karanta. Ta farko ta wata makaranta ce a Kaduna, shekara biyu ana karatu. Ta biyu ta ƙungiyar masu wannan sana'a ce a Legas, ana karatu ta gidan waya, a zana jarrabawa mataki-mataki, kuma ita kamfanoni suka sani. Ta ukun ta wata Kwalejin Gaggawa ta Manyan Manajoji ce, wadda ba ta da adireshi sai akwatin gidan waya a Zariya.

Na ce, "Ɗauki ta Legas."

"Kawu, akwai jarrabawa fa."

"Shi ya sa na ce ka ɗauke ta."

"Ta Kaduna kuwa, kafin in gama wani ya ɗumama mini kujera. Dubi wannan dai." Ya buɗe ta ukun, ya nuna mini hoton satifiket ɗinta. "Zaki biyu, jan hatimi, ga kintinkiri. Faɗinsa ya kai faifai. Kuma tare da shi ake ba da laktayen ɗaurawa a wuya da usur."

"Usur na me? Alƙalancin ƙwallo za ka yi?"

"Na tsawata wa ma'aikata ne."

"Wa ya san wannan kwaleji?"

"Ai Kawu, manyan wurare ba sa talla."

"To kai ina ka gan ta?"

"A bayan jarida."

Ya gode mini ƙwarai da shawara, ya tafi ya aika wa ta Zariya. Ba a daɗe ba laktaye da usur suka iso, da wani ɗan littafi. Satifiket ɗin kansa sai an cika sharaɗi guda: ɗalibi ya tara ma'aikata ya tafiyar da su daga safe zuwa yamma, wakilin kwaleji ya zo ya gani da idonsa.

Nan Sulemanu ya maƙale. Da damina injin gurza a rufe yake, babu kowa a kamfani sai akawuna da maigadi. Ya gwada hura wa maigadi usur, maigadi ya nuna masa kwari da baka.

A daidai wannan lokaci audugata ta kai maimai. Marka ta sauka, ciyawa ta taso tana neman shaƙe ta, bayana kuwa ya daina yarda da hauya. Idan ba a nome ta a wannan mako ba, sai dai in yi mata sallama, kuma ita ce abin da gidana ya dogara da shi bayan hatsi. Don haka na ɗauki goro na tafi wurin Sabo, Sarkin Noman unguwar da ke bayan rafi, na roƙi gayya. A wajenmu mai zuwa gayya ba ɗan ƙwadago ba ne. Roƙonsa ake yi, ya zo da hauyarsa don mutunci, a yi masa kiɗa, a cika masa ciki, a raka shi da godiya. Sabo ya karɓi goro, ya sa mini ranar Talata.

Sulemanu na jin labari ya bayyana.

"Kawu, Allah ya kawo mana ma'aikata har gida!"

Na ce, "Ko inuwarka kada in gani a gonata."

"Zan tsara maka su ne kawai, a zamanance."

"Sulemanu, ka ji abin da na ce ko in rubuta maka a allo?"

Ya ce ya ji. Sai ga sanarwa cewa duk ɗan fansho ya bayyana da kansa a Malumfashi ranar Talata, a ga fuskarsa a tabbatar yana da rai. Na bar al'amarin gona a hannun Sabo, na bar na abinci a hannun matata Matta, na kama hanya da asuba.

Da masu gayya suka iso, hauyoyi a kafaɗa, Maikuɗi makaɗi a gaba yana dukan gangar noma, sai suka tarar da teburina na karatu a gindin ɗorawa, bakin gona. Teburin da na hana kowa ɗora ko kofi a kansa! Sulemanu na zaune a bayansa, laktaye a wuya, usur a baki. Ya hura.

"A tsaya! A yi layi! Kawu ya danƙa mini wannan ma'aikata. Ba mai taɓa ƙasa sai an yi masa intabiyu."

Wannan ƙarya ce, kuma ina so a rubuta cewa ƙarya ce.

Sabo ne a gaba. Sulemanu ya ɗaga biro.

"Suna?"

"Kai ɗan Salome, ni ne fa. Ni na ɗauko ungozoma ranar da aka haife ka."

"Ba a sanayya a ofis. Ka taɓa noma?"

Sabo ya dubi hauyarsa, ya dubi jama'a.

"A'a. Hauyar ce ta ce in rako ta."

"To. Ba shi da ƙwarewa," in ji Sulemanu, yana rubutawa. "Za mu ɗauke ka na gwaji."

Layi ya watse da dariya, wasu har da zama a ƙasa. Suka ɗauka wasa ne na 'yan boko, suka biye masa saboda ni. Ya tambayi wani me ya sa yake son aiki a wannan gona, ya ce an gaya masa Matta ta yanka akuya. Ya tambayi wani ina yake hangen kansa nan da shekara biyar, ya ce, "In ka ci gaba da tambaya, a nan layin." Kafin a gama, rana ta hau, sanyin safiya da ake noma da shi ya wuce, ba a sare ko ɗanyen haki ɗaya ba.

Da aka shiga gona Maikuɗi ya saki ganga. Kowa ya san gayya tsere ce. Kowane namiji ya kama kunyarsa, makaɗi ya kira takensa, ya sunkuya yana jin na kusa da shi na numfashi a bayansa, ba ya ɗagowa sai ya fita ƙarshen gona. Samari suka zabura. Sai usur.

"Kai, mai jar hula! Ina za ka? Dawo ka jira abokan aikinka. Littafi ya ce a tafi tare, kada wani ya sa wani ya ji ya kasa."

Aka dawo da mai jar hula. Wani ya wuce, usur. Wani ya yi kirari, usur, wai ba a ihu a wurin aiki. Wani ya nufi bayan bishiyar kargo zai kama ruwa, Sulemanu ya bi shi da gudu yana tambayar wa ya ba shi izini. Mazaje suka koma tafiya a jere kamar 'yan makaranta a fareti, kowa na satar kallon na kusa da shi kada ya wuce shi da taki.

Sannan ya juya kan makaɗi.

"Kai, wace kunya ce taka?"

"Ni kiɗa nake yi, yaro."

"Na ga kana kiɗa. Me ka nome?"

"Duk abin da suka nome, gangar nan ce ta nome shi."

"Ma'aikacin da ba ya riƙe da kayan aiki rara ne. An sallame ka. Kamfani na yi maka fatan alheri."

Maikuɗi ya dakatar da kiɗa. Ya rataya gangarsa, ya taka a hankali ya tsallake iyaka, ya shiga gonar maƙwabcina Ummaru, ya hau kan suri ya zauna.

"Nan ma ofishinka ne?"

Sulemanu ya duba littafi. "A'a."

"Madalla."

Ya gyara zama ya saki sabon kiɗa, da waƙa:

Ɗan Salome mai igiya a wuya,
wa ya ɗaure ka, wa zai kwance ka?
In akuya ce a kai ta kiwo,
in manaja ne a ba shi dusa.

Masu noma suka karɓa. Hauyoyi suka koma sauka tare da amshi, aiki ya ɗan yi gaba duk da usur, har mata masu zuwa rafi suka ajiye tuluna suna tafi. Sulemanu ya riƙa zarya a bakin iyaka yana hurawa, Maikuɗi ya sa ƙarar usur ɗin ta zama wani gaɓa na kiɗan.

Ana haka Matta ta iso da mata, ɗauke da akusan tuwon dawa, da miyar kuɓewa, da naman akuya, da tulunan kunu. Mazaje suka fara ajiye hauya. Sulemanu ya tari gabanta da hannu a sama.

"Inna, lokacin hutu bai yi ba."

"Lokacin me?"

"Hutu. Kuma za a raba ne bisa matsayi. Manyan ma'aikata da nama, ƙanana da miya, waɗanda suka makara kunu kawai."

"Sulemanu, a wannan bayan na goya ka kana zawo. Kauce mini."

"Inna, a nan ni ba ɗanki ba ne. Hukuma ce."

"Hukuma, kauce, kaina ya gaji."

Sabo ya taso yana share gumi. "Ɗan Salome, wasa ya isa haka. Bar mutane su ci abinci, rana ta yi."

Da Sulemanu ya yi shiru a nan, da yau ina da auduga. Sai ya hau kan kujerata, ya gyara laktaye, ya hura usur har sau uku.

"Jama'a, sanarwa! Baba Sabo, kamfani ya yaba da hidimarka, amma shekarunka sun wuce na aiki, ga kuma yi wa shugaba gardama a gaban ma'aikata. Daga yau ka yi ritaya. Na naɗa ɗanka Maitama sabon Sarkin Noma. A tafa masa!"

Ba wanda ya tafa. Ganga ma ta tsaya. Maitama, magidanci mai 'ya'ya, ya yar da hauya ya dafe kai.

"Ni? Ubana na tsaye? Baba, ka ji fa ba ni na ce ba!"

Sabo ya karkaɗe hauyarsa, ya saɓa, ya juya ga gonar Ummaru.

"Ummaru, dawarka na son noma?"

Ummaru, da ya zo gayyata da tasa hauyar, ya ce, "Sarkin Noma, tun yaushe!"

Gaba ɗaya suka tsallake iyaka.

Ni kuwa a lokacin ina mararrabar Kafur ina jiran abin hawa, an ga fuskata an yarda ina da rai. Sai ga wani mutum a kan babur Basfa, da babbar riga da jaka, ya yi sallama.

"Baba, don Allah ina ne ma'aikatar Manaja Sulemanu? Ni ne Malam Maiwada, wakilin kwaleji daga Zariya. An ce babbar gona ce, ma'aikata birjik."

Na ce, "Ɗauke ni in kai ka. Kuma ka yi sauri."

Tun daga nesa na ji ganga, na ji daɗi, na ce ashe Allah ya tsare. Da muka matso na ga kiɗan ba a gonata yake ba. Mazaje na tsere a cikin dawar Ummaru, ƙasa na tashi, ana kirari, ana guɗa. Ga Matta da mata a can suna zuba tuwo. Ba na ganin laifinta: wanda ya amsa gayyarka ba ya komawa gida da yunwa, ko a gonar wa ya ƙare. Amma ina so a lura cewa akuyata ce, dawata ce, kuɓewata ce, aka nome gonar Ummaru da su tsaf.

A tawa gonar kuwa babu kowa sai teburina, da ciyawa, da Sulemanu.

Ya rugo ya kama hannun baƙo. "Ranka ya daɗe, sannu da zuwa! Komai na tafiya daidai."

"Ina ma'aikatan?"

"Ga su can."

"Can gonarka ce?"

"Reshe ne. Na tura su reshe."

Ummaru ya ɗago daga cikin dawa, bakinsa cike da nama. "Reshen wa? Kai, ɗan Salome, kada ka sa mini gona a littafinka!"

"To, yajin aiki ne," in ji Sulemanu. "Yana cikin darasi. Yanzu za ka ga yadda ake kashe shi."

Ya cusa usur a baki, ya nufi iyaka a guje yana hurawa. Tsakanin gonakin akwai kwatar da ruwan marka ya cika da laka. Kowa ya san wurin tsallakawa, ban da mai takalmin ofis. Ƙafa ɗaya ta shige, ta biyu ta bi ta, ya tafi da fuska. Usur ya yi wata 'yar ƙara kamar ɗan tsako ya nutse. Maikuɗi bai ko ɗaga kai ba, ya sauya kiɗa zuwa na kokawa, wanda ake yi idan an kayar da mutum. Maitama ne ya jawo shi waje, laktayen ya kama ya ja.

Malam Maiwada ya buɗe jaka. "Ƙa'ida ita ce ma'aikata su kai yamma a hannunka. Ko mutum biyu ne suka rage, zan duba."

Sulemanu ya share laka daga ido, ya hango ni.

"Ga Kawu! Ga Inna can! Biyu ke nan."

Na ce, "Malam, rubuta: ni mai gona ne, kuma mai ƙara."

Matta ta ɗago murya daga can, "Ni ma an sallame ni, Hukuma!"

Wakilin ya rufe jaka. Ya ce ɗalibi bai ci ba, amma kwaleji mai tausayi ce, yana iya sake rajista. Daga nan ya tsallaka ta wurin da ya dace, ya wanke hannu, ya zauna ya ci akuyata shi ma.

Washegari na kai ƙara wurin dagaci. Zaure ya cika har waje. Na jero abin da ya faru daki-daki, dagaci na ta tari a cikin rawani, na kuwa san ba tari ba ne. Ya yanke cewa Sulemanu ya ɗauki hutu daga kamfani, ya nome gonar da hannunsa, tun da shi ya kori masu nomanta. Na amince. A ganina hukunci ne mai ma'ana.

Sulemanu ya ari hauya. Kwana biyu yana fita tun da safe, ya ce kada kowa ya leƙa sai ya kira. A rana ta uku ya aiko a gaya mini, da dagaci, da duk mai sha'awa, a zo a ga aikin ilimi. Muka ɗunguma, har da Sabo, wanda na riga na je na ba haƙuri da wani goron.

Rabin gonar ya yi fes. Kunyoyi a share, ƙasa a tayar, tsire-tsire kore shar a jere, sun kai gwiwa. Dagaci ya fara cewa madalla. Ni na sunkuya na tsinki ganye ɗaya na murza.

Tafasa ce.

Na duba gaba, tafasa. Na duba baya, tafasa. Audugata kuwa ga ta can a kwance cikin kwari, saiwa a sama, ta yi yaushi a rana.

"Sulemanu. Mene ne wannan?"

Ya harɗe hannu a ƙirji. "Tantancewa na yi, Kawu. Na tarar da iri biyu a wurin aiki ɗaya. Waɗannan dogaye ne, masu ƙwazo, ba su jira an taimake su ba. Waɗancan kuwa gajeru, raunana, ganye duk ya yi rawaya. Sai na sallami raunanan, na ba masu ƙwazo fili."

"A kamfanin auduga kake aiki!"

"Ai mu a buhu take zuwa mana, Kawu. Fara."

Dagaci ya zauna a kan kunya, rawani ya kwance, hawaye na zuba. Sabo ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Ni ban yi dariya ba, kuma har yau ban ga abin dariya ba.

A nan bakin gonar na gabatar da buƙatata. Rabin da hauyarsa ba ta kai ba, Sabo ya yi alkawarin dawowa da mutanensa su cece shi, da sharaɗin a kulle Sulemanu a ɗaki ranar, kuma an yi hakan, Matta ce ta riƙe makulli. Rabin da ya kashe kuwa lokacin shuka ya wuce, ba mai dawo mini da shi. Don haka na ce tun da shi ya zaɓi tafasar nan ya ba ta gonata, shi zai cinye ta. A tsinko, a dafa, a yi masa kwaɗo safe da yamma, har sai kunyoyin sun koma fili. Dagaci ya ce a tarihin zaurensa ba a taɓa yanke irin wannan ba. Na ce a tarihin ƙasar nan ba a taɓa nome auduga a bar tafasa ba. Ya ce zai yi shawara. Har yanzu ina jiran ya tabbatar da hukuncin a bainar jama'a, kuma zan ci gaba da zuwa zaurensa kowace safiya sai ya yi.

Kafin nan dai mun fara zartarwa a gida. Da labari ya kai wa Salome ta zo a fusace, gyale a hannu.

"Yaya, kashe mini ɗa za ka yi? Cikinsa fa tun jiya kuka yake kamar ana tuƙa tuwo!"

Na miƙe. Na kama hanya, ta biyo ni tana faɗa har bakin gona. Na nuna mata tafasar a jere, na nuna mata audugar a kwance. Ta daɗe tana kallo. Da muka dawo gida ta wuce ni, ta leƙa madafa.

"Matta, ki ɗan ƙara masa ƙuli-ƙuli don ya wuce. Amma kwanon nan ya yi ƙanƙanta, bari in aiko miki da nawa."